Shin sitem sel na warkar da sikila? Amsa ga wata uwa

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana ɗan shekara 9 yana da sikila, kuma bana ciwon ya matsa masa, kwanciya asibiti ta yi yawa. Wata maƙwabciyata na sayar da wani gari a 'yan ƙananan fakiti, ta ce sitem sel ne, ana zubawa ƙarƙashin harshe, wai wata uku kacal ya mayar da SS ya koma AA. Ƙanin maigidana kuma ya ce a Indiya ana yin aikin sitem sel mutum ya warke gaba ɗaya. Abu ɗaya suke nufi? Wanne ne gaskiya? Yaron yana da 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba yaro lafiya, ya saka miki da alheri. Ba abu ɗaya suke nufi ba, ko kusa. Maganar ƙanin maigidanki tana da tushe a likitanci, ana kiran aikin dashen ɓargo, kuma yana warkar da sikila da gaske, sai dai yana da sharuɗɗa da haɗari waɗanda masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Garin maƙwabciyarki kuwa, ko shekara goma yaron ya yi yana sha, jininsa SS zai ci gaba da kasancewa. Zan yi miki bayani daki-daki domin ki iya auna kowace magana da kanki.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma yawancinsu kowace da aikinta da ta ƙware a kai: ta fata ba ta zama ta hanta, ta tsoka ba ta zama ta jini. Amma akwai wasu 'yan kaɗan da ba su riga sun kama sana'a ba. Su ne ƙwayoyin tushe, waɗanda a asibiti da kasuwa ake kira sitem sel. Abu biyu suka iya: su rabu su haifi irinsu, su kuma haifi ƙwayoyin da za su yi aiki. Waɗanda suka shafe mu suna zaune ne cikin ɓargon ƙashi, musamman ƙashin ƙugu da na ƙirji da na baya. Daga gare su ne dukkan jini yake fitowa, da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke tsayar da zubar jini. Jikin babban mutum na ƙera jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Masu bincike biyu a Toronto ta ƙasar Kanada, James Till da Ernest McCulloch, su ne suka fara tabbatar da wanzuwar waɗannan ƙwayoyi a jikin ɓeraye a farkon shekarun 1960.

A jikin ɗanki, umarnin da ya gada daga gare ki da mahaifinsa yana rubuce cikin waɗannan ƙwayoyin tushe na ɓargonsa. Shi ya sa duk jar ƙwayar da suka haifa take ɗauke da hemogulobin, wato sinadarin da ke riƙe iska a cikin jar ƙwaya, irin na S, wanda idan iska ta yi ƙaranci yake sandarewa ya lanƙwasa ƙwayar, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ƙashi ya tashi. Lafiyayyar jar ƙwaya na rayuwa kwana 120, ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Ƙarin jini na ba da sauƙi na 'yan makonni ne kawai, domin jinin da aka ƙara zai ƙare, ɓargon kuma yana nan yana aikinsa yadda ya saba. Saboda haka warkewa ta gaskiya sai ta ɓargo, wato a canza ƙwayoyin tushen da ke cikin ɓargo, ko a gyara umarnin da ke cikinsu.

To ki ɗora garin nan a kan wannan ma'auni. Irin waɗannan fakiti da ake yawo da su gida-gida, idan kika karanta jikin kwalin za ki ga yawanci daga tuffa ko inabi aka haɗa su. Ƙwayar tsiro ba ta zama jinin ɗan Adam. Ko da ƙwayar mutum ce aka busar aka niƙa, ta riga ta mutu, kuma duk abin da ya shiga baki ciki zai narkar da shi kamar sauran abinci. A asibiti, ƙwayoyin tushe ana kula da su ne da ransu, ko a ba majinyaci cikin 'yan sa'o'i, ko a daskarar da su cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Ba na zargin maƙwabciyarki da mugunta, galibin masu sayarwa su ma sun yarda da abin ne, kuma sun zuba kuɗinsu a ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne iyayen da muke gani sun dakatar da magungunan asibiti saboda an ce gari ya wadatar, sai a dawo da yaro jini ya ƙone, saifa ta kumbura, wani lokaci ɓarin jiki ya shanye. Idan aka ce miki wani ya sha ya koma AA, ki tambaya ko an ƙara masa jini kafin gwajin, domin jinin da aka ƙara yakan rikita sakamako har na wata uku.

Shi dashen ɓargo tsohon aiki ne. Likitan Amurka Donnall Thomas ya fara gwada shi tun shekarun 1950, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1990. A 1968 aka yi nasarar dasa wa wani jariri marar garkuwar jiki ɓargon yayarsa a Minnesota. Sikila kuwa ta shigo ne ta bayan fage. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 a Amurka mai sikila da ta kamu da sankarar jini. Saboda sankarar aka dasa mata ɓargon ɗan'uwanta, sai ga shi sikilar ma ta tafi. Ɗan'uwan nan AS ne, kuma wannan ya shafe ki: ɗanki mai AS zai iya ba ɗan'uwansa ɓargo, ba dole sai AA ba.

Ga yadda aikin yake, domin mutane da yawa na zaton tiyata ce ake yanka ƙashi. Mai bayarwa ake sa wa maganin barci, a kifa shi rub da ciki, a soka allura mai kauri a bayan ƙashin ƙugunsa, a riƙa zuƙo ɓargo kaɗan-kaɗan da sirinji har a tara abin da ake buƙata. Zai tashi da tsamin ƙugu na 'yan kwanaki, ɓargonsa kuma zai mayar da abin da aka ɗiba cikin makonni. Wahalar tana kan mai karɓa. Kamar gona ce, sai an share tsohuwar shuka kafin sabon iri ya samu wurin kamawa, kuma abin sharewar shi ne kemo, irin magungunan da ake ba masu ciwon daji, kamar busulfan. Ana ba yaro su na kusan mako guda har ɓargonsa ya mutu. Ranar dashen kanta ba ta da wani abin kallo: leda ce mai kama da ta ƙarin jini, a rataye ta, ta bi ta robar da aka sa masa a ƙirji, ƙwayoyin da kansu su nemi hanyar cikin ƙashi su zauna.

Daga nan sai jira, mako biyu zuwa huɗu, yaro na cikin ɗaki shi kaɗai da mai jinya ɗaya, ba shi da garkuwar jiki ko ta kwabo. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har haɗiyar miyau ta gagara, zazzaɓi kaɗan ya zama abin tayar da likitoci tsakar dare. Kowace safiya ana ɗibar jini ana ƙirga fararen ƙwayoyi, ana jiran ranar da za su fara hawa. Bayan an sallame shi ma sai ya zauna kusa da asibitin na watanni, yana shan magungunan danne garkuwa, galibi har zuwa shekara guda.

Sharaɗi mafi girma shi ne dacewa. Ba rukunin jini na O ko A ake dubawa ba, wani gwaji ne dabam da ake kira HLA, alamomin da garkuwar jiki ke gane nata da baƙo da su. Kowane ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa ɗari bisa ɗari. 'Yan uba ba sa cika wannan sharaɗi. Sannan dole mai bayarwa kada ya zama SS. Idan aka haɗa waɗannan, ƙasa da ɗaya cikin biyar na masu sikila ne ke samun ɗan'uwan da ya dace. Da 'yan'uwa uku, damar ɗanki ta fi ta yara da yawa, amma gwaji ne kaɗai zai faɗa.

Idan an samu ɗan'uwa da ya dace, sakamakon yana da daɗin ji. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya bi majinyata 1,000 da aka yi wa irin wannan dashe, ya nuna cewa a yara 'yan ƙasa da shekara 16, kusan 95 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, kusan 93 kuma suna raye ba tare da sikila ba. Ƙaramin yaro ya fi babba samun nasara, domin cutar ba ta riga ta lalata masa ƙoda da huhu ba, kuma shekarun ɗanki na cikin lokacin da ake so. Amma ki karanta adadin ta ɗaya gefen: cikin yara 20, akwai kusan ɗaya da aikin kansa zai zama ajalinsa, yaron da wataƙila da an bar shi da magani zai kai girma. Wannan shi ne nauyin da ke kan iyaye, kuma duk likitan da bai zaunar da ke ya faɗa miki shi baki da baki ba, bai cika amanarsa ba.

Akwai haɗari biyu da nake son ki riƙe. Na farko, sabuwar garkuwar da ta fito daga ɓargon ɗan'uwa tana iya ɗaukar jikin yaron a matsayin baƙo ta kai masa hari, a fata, a hanji, a hanta, a idanu. Wani lokaci abin ya zo da sauƙi ya wuce, wani lokaci ya zama ciwo na shekaru wanda ya fi sikilar wahala. Na biyu, kemo na iya kashe ƙwayoyin haihuwa, mace ko namiji. A al'ummarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma yaro ɗan shekara 9 ba zai iya yanke wa kansa hukunci a kai ba. Ki kuma sani, ko ya warke, gwajin jininsa ya nuna AA ko AS irin na wanda ya ba shi, ƙwayoyin haihuwarsa ba su canza ba. Duk ɗan da zai haifa zai gaji S daga gare shi. Ranar neman aure, a matsayin SS za a lissafa shi.

Idan babu wanda ya dace gaba ɗaya, yanzu ana yin dashe daga wanda ya dace rabi, wato uwa ko uba ko ɗan'uwa, ta hanyar da aka inganta a Jami'ar Johns Hopkins. Sakamakonta na ƙara kyau, amma haɗarin jiki ya ƙi karɓar dashen ya fi yawa, kuma ba kowace cibiya ce ta ƙware a kanta ba. Mahaifa da cibiyar jariri ma na ɗauke da ƙwayoyin tushe na jini, an fara dashe da su a Faris a 1988, kuma ana iya adana na ƙanin da aka haifa idan ya dace.

Ba sai Indiya kaɗai ba. A Najeriya an yi dashen farko ga mai sikila a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye, kuma a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu. A gida ko a waje, kuɗin miliyoyin naira ne masu yawa, kuma kuɗin da ake fara faɗa muku sau da yawa bai haɗa da masauki na watanni da jinyar matsalolin da za su iya tasowa ba. Abin takaici ne a ce ƙasar da ake ƙiyasin ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, cibiyoyin dashenta ba su cika yatsun hannu ba.

Wataƙila kin ji labarin sabon maganin da ba ya buƙatar mai bayarwa. Gaskiya ne. Sunansa Casgevy, Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Ana ɗibar ƙwayoyin tushen majinyacin kansa, a kai su ɗakin gwaje-gwaje, a gyara umarnin gadonsu da wata fasaha mai aiki kamar almakashi da ake kira CRISPR, sannan a mayar masa. Dabarar tana burge ni ƙwarai. Kin lura jariri mai sikila ba ya nuna alama sai ya kai kusan wata shida? Dalili shi ne a cikin ciki jariri yana amfani da wani hemogulobin dabam wanda ba ya sandarewa, sai bayan haihuwa jiki ya kashe shi ya kunna na manya. Maganin yana sake kunna na jarirantaka ne. A gwajin da aka dogara da shi, 29 cikin mutum 31 sun yi shekara guda cur ba tare da mummunan ciwo ya tashi ba. Amma shi ma sai an yi kemo, da haɗarin rashin haihuwar da ke tattare da shi, an fara amincewa da shi ne ga 'yan shekara 12 zuwa sama, farashinsa kuma a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ilimin ya iso, amma bai iso Kano ko Maraɗi ba, inda masu cutar suke.

Game da sauran cututtukan da ake lissafawa a talla, su ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da makanta da ciwon ƙoda, a nan ne ake cakuɗa bincike da magani. Binciken na gaske ne. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya raini ƙwayoyin tushe daga ɗan tayi na kwanakin farko, waɗanda ke iya zama kowane sashe na jiki. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna cewa da ƙwayoyin gado huɗu za a iya mayar da ƙwayar fata ta koma ta tushe, ya yi a ɓera, a 2007 ya yi a mutum, ya samu Nobel a 2012. Daga nan aka fara ƙera ƙwayoyin ido da na ƙwaƙwalwa da masu samar da insulin. A 2025 an ba da rahoton masu ciwon suga nau'i na ɗaya su 12 da aka sa wa irin waɗannan ƙwayoyi, 10 daga cikinsu suka daina allurar insulin bayan shekara guda, amma da sharaɗin shan magungunan danne garkuwa, kuma ba shi ne nau'in sugan da ya fi yawa a manyanmu ba. A cutar karkarwa ta Fakinsin ma an samu sakamako mai ƙarfafa gwiwa a ƙananan gwaje-gwaje a Japan da Amurka. Duk waɗannan mutane 'yan kaɗan ne ƙarƙashin sa ido mai tsanani. Abin da ya daɗe da tabbata a asibiti shi ne dashen ɓargo ga cututtukan jini da na garkuwa, sai rainon fata ga masu ƙuna mai tsanani, sai gyaran fatar ido da ta ƙone.

Shi ya sa nake jan kunne kan asibitocin kuɗi, a gida da waje, masu ɗibar kitsen ciki ko jinin mutum su juya shi a inji su mayar masa a ce an yi masa sitem sel. Ga mai sikila, mayar masa da ƙwayoyinsa ba tare da an gyara su ba aikin banza ne, SS aka ɗiba, SS aka mayar. Kuma abin na cutarwa: a 2017 wata babbar mujallar likitanci ta ba da labarin tsofaffin mata uku a Florida da aka yi wa allurar irin wannan haɗi a idanu biyu, dukkansu suka yi mummunar asarar gani.

Ta fuskar addini, tunda na san za a tambaye ki a gida: Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe daga halastacciyar hanya, kamar baligi da yardarsa, yaro da izinin waliyyinsa ba tare da cutar da shi ba, da mahaifa da cibiya. Ta haramta zubar da ciki da gangan domin samunsu. Dashen ɓargo tsakanin 'yan'uwa yana cikin abin da aka halatta.

Yanzu abin da nake son ki yi tun wannan watan. Ki kai yaron wurin likitan jini na yara, ba ɗakin gaggawa kaɗai ba lokacin da ciwo ya tashi. Ki tambaya ko yana kan haidiroksiyuriya. Ƙwaya ce da ake sha kullum, tana ƙara hemogulobin na jarirantakar nan da na ambata, tana rage tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini, kuma yaron da kwanciyarsa asibiti ta yi yawa haka ya cancanci a duba batun ba shi. Ana bibiyarta da gwajin jini, kada ki saya a kemis ki fara da kanki. Ki nemi a yi masa gwajin TCD, wanda ake ɗora na'ura a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura ba zafi, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Idan ba a yin wannan rigakafi, kusan ɗaya cikin goma na yara masu SS na samun shanyewar ɓarin jiki kafin su kai 20. A Kano ɗin nan, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, likitocinmu tare da Jami'ar Vanderbilt suka yi binciken da ya nuna cewa haidiroksiyuriya na kare yaran da gwajin ya nuna suna cikin haɗari. Folik asid, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, ruwa mai yawa, rigar sanyi lokacin hunturu da damina, duk kada a yi wasa da su.

Sai ki nemi likitan ya rubuta gwajin HLA ga yaron da 'yan'uwansa uku, tare da tabbatar da jinotaif na kowa. A yi wannan kafin a sayar da fili ko a biya wa wani dillali kuɗin biza. Idan an samu wanda ya dace, ki zauna da maigida ku tambayi duk cibiyar da za ku je: yara nawa masu sikila suka yi wa dashe, nawa suka rasu, nawa jikinsu ya ƙi karɓa, wane irin kemo za su ba shi da abin da zai yi wa haihuwarsa, wa zai biya idan jinya ta zarce lokacin da aka tsara, kuma wane likita ne zai ci gaba da duba shi idan kun dawo gida, inda sauro ke jiran yaron da garkuwarsa ba ta gama farfaɗowa ba. Ki nemi amsoshin a rubuce, ki kawo wa likitansa na nan ya duba tare da ku kafin ku sa hannu a kan komai.